Filin Tambayoyinku: Farcena ya yi kauri ya mutu, lalle da tafarnuwa za su tashe shi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda damina ta kankama saƙonni akan farce da tsakanin yatsu sun ƙi ƙarewa, shi yasa wannan karon na bar musu filin gaba ɗaya. Waɗanda tambayarsu ta zo iri ɗaya na ɗauki guda na amsa, in baki ga taki ba ki duba ta 'yar uwarki, amsarki na ciki.

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ki taimaka min. Babban farcen ƙafata na dama ne ya fara canza kala tun bayan haihuwata ta uku, da farko gefe ɗaya ne ya yi fari-fari sai ya koma ruwan ɗorawa, yanzu ya yi kauri abin yanke farce ma baya kama shi sai da reza, in na kankare wani gari-gari ke fitowa ta ƙasa kuma ga shi ya fara kama na kusa da shi. Na sa lalle ya fi a ƙirga, na daka tafarnuwa na ɗaura ta kwana ta ƙona min fata har da ƙurji, yanzu maƙociyata tace in nemi man darbejiya. Wallahi kunya nake ji in cire takalmi a gidan biki. Ni dai bana son ƙwayar asibiti an ce tana taɓa hanta, kuma ina shayarwa. Daga Maman Ummi, Ɗorayi.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Ummi, sannu, Allah ya baki lafiya. Yadda kika kwatanta shi ɗin nan, ya faro daga baki ta gefe guda yana ci yana yin ciki, ga kauri ga gari-gari a ƙasa, ya yi kama sosai da fangas ɗin farce, wanda a katin asibiti zaki ga an rubuta onychomycosis. Ƙwayar dangin fumfunar nan ce da ke fitowa a jikin burodi in ya kwana biyu, kuma gidansu ɗaya da masu kawo makero da ƙora a kan yara da cin ruwa na tsakanin yatsu. Wadda tafi kama farcen ƙafa a duniya sunanta Trichophyton rubrum, abincinta keratin, wato abin da aka gina farce da gashi da saman fata da shi. Yawanci ma ba a farcen take farawa ba, a fatar ƙafa take zaune shekara da shekaru tana ɗan ƙaiƙayi tana saɓa mutum yana cewa kaushi ne, sai ranar da aka yi tuntuɓe ko takalmi ya matse farcen ya ɗan ɗago sannan ta samu ƙofa ta shige ƙarƙashi. Ki buɗa tsakanin ƙaramin yatsanki da na kusa da shi ki gani, ina kyautata zaton zaki tarar wurin ya yi fari ya jiƙe.

Amma kada ki ɗauki maganata a matsayin an gama, domin a cikin faratan da suka lalace kusan rabi ne kawai na fangas, sauran tsohon bugu ne, ko matsin takalmi, ko cutar fatar nan psoriasis da ke yi wa farce ƙananan ramuka, kuma da ido ko likitan fata yana iya ruɗewa. Shi yasa ake kankaro garin nan na ƙasan farcen a kai lab, a ɗiga masa wani ruwa mai narkar da keratin a duba a madubin likita, wannan a ranar ake iya samun sakamako, in kuma za a shuka ƙwayar don a san ko wace iri ce to sai an jira sati 2 zuwa 4. Sanin irin yana da amfani a wajenmu musamman, saboda a Afirka ta Yamma akwai wata mai suna Neoscytalidium da ke zaune a ƙasa da jikin tsirrai, tana kama masu yawo ba takalmi, ita kuma bata cika jin ƙwayoyin da aka saba bayarwa ba. Ɓangaren fata na Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala za su faɗa miki inda za a yi gwajin. Ki daina shafa komai a farcen na ɗan lokaci kafin ki je, lallen ma ki dakata, don kada ya ɓoye wa likita kalar.

To mu zo kan tsirran da kika lissafa da ire-irensu. Ni ba zan ce miki ƙarya ne ba, don ba ƙarya bane. Tafarnuwa in aka daka ta tana fitar da allicin, shi ne mai warin nan da yajin nan, daga gare shi ake samun wani sinadarin ajoene wanda masu bincike a Benezuwela suka haɗa man shafawa da shi suka gwada a cin ruwan ƙafa kuma ya yi aiki. Lalle yana da lawsone, shi ne ke kama fata ya yi ja. Kanumfari yana da eugenol, habbatus sauda tana da thymoquinone, bagaruwa cike take da tanin wanda shi ne majema ke jima da shi fata ta daina ruɓewa, darbejiya ita ma da nata sinadaran masu ɗaci. Duk waɗannan in aka zuba su akan ƙwayar fangas a faranti a ɗakin gwaji ana ganin sun danne ta, jami'o'inmu na nan gida ma sun sha yin irin wannan gwajin. Iyayenmu ba a banza suka riƙe su ba.

Sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba. A farantin lab maganin yana taɓa ƙwayar kai tsaye, a ƙafarki kuwa akwai farce a tsakani, mai tauri, naki ma ya ninka kaurinsa, ƙwayar kuma tana can ƙasa manne da nama wani lokacin har tushen da farcen ke tsirowa. Kamar gara ce ke cin azara a cikin ɗaki ke kuma kina watsa magani a saman kwano. Ba tsirrai kaɗai ke da wannan matsalar ba, man clotrimazole na kemis ma da ke kashe makero cikin 'yan makonni in kika shafa shi akan farce mai kauri kusan asarar kuɗi ne. Shi yasa kika ga lalle ya rina miki saman ya yi kyau, ciki kuma ana ta ɓarna. Ita kuwa ɗanyar tafarnuwa dan Allah kada ki ƙara ɗaure ta ta kwana, ƙuna take yi ta gaske kamar ta wuta, kuma fatar da ta ƙone sabuwar ƙofa ce ga wasu ƙwayoyin, garin neman gira kada a rasa ido.

Sannan akwai maganar lokaci, wadda ita ce ke sa mutane su yi ta canza magani suna cewa baya yi. Farcen da ya mutu baya dawowa, ko da wane irin magani, abin da ake jira shi ne sabo mai lafiya ya tsiro daga tushe ya turo tsohon waje kina yankewa. Farcen hannu yana yin kamar milimita 3 a wata, na ƙafa milimita 1 zuwa 1 da rabi kacal, kinga babban farcen ƙafa sai ya ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya sauya gaba ɗaya. Duk wanda yace miki yana da haɗin da zai gyara shi a kwana 7, kuɗinki yake so. Dabarar da nake ba mutane ita ce ki samu abin goge farce ki ɗan yi zane mara zurfi daidai inda lafiyayye ya haɗu da mai ciwo, ki ɗauki hoto da wayarki duk farkon wata. In zanen yana tafiya gaba kuma bayansa fes, to ana samun nasara, in kuma ruwan ɗorawar ya tsallako zanen ya yo baya, abin da kike yi baya aiki.

Maganar hanta kuma, an faɗa miki gaskiya amma an ƙara gishiri. Ƙwayar da aka fi bayarwa terbinafine ce, 250mg kullum, sati 6 ga farcen hannu sati 12 ga na ƙafa, kuma a manyan gwaje-gwajen da aka yi mata wajen mutum 7 cikin 10 ƙwayar cutar ta mutu, duk da cewa waɗanda farcensu ya koma garau kamar ba a yi ba basu kai rabi ba. Har yanzu dai ba a samu ganye ko mai da ya kama ƙafarta ba. Mummunar illa ga hanta tana faruwa amma da wuya ƙwarai, shi yasa ake gwada jini kafin a fara, mai ciwon hanta kuma ba a bashi, kuma wannan gwajin a nan Arewa ba abin wasa bane ganin yadda mutane da yawa ke yawo da ciwon hanta na hepatitis B basu sani ba. In ana sha aka ga ido ya yi ɗorawa ko fitsari ya yi duhu ko amai ya ƙi tsayawa sai a daina a koma asibiti. Wasu kuma ɗanɗanon abinci ke ɗauke musu na wani lokaci.

Ke dai tunda kina shayarwa ba yanzu ba, tana fita a nono, kuma ciwon farce ba na gaggawa bane ga mai lafiya, ki bari ki yaye. Kafin nan ga aikin da zaki yi: bayan wanka lokacin da farcen ya yi laushi ki yanke duk inda ya rabu da nama, ki goge saman ya rage kauri, ki ware wa wannan farcen abin yankansa daban. In ya yi tauri da yawa akwai man urea mai ƙarfin kashi 40 da ake ɗorawa ya narkar da mataccen, ki tambayi likita ko mai ilimin magunguna. Cin ruwan tsakanin yatsu kuma ki yi maganinsa da man fangas na kemis har sai ya warke sarai, don shi ne rumbun da ke sake zubo wa farcen. Man darbejiya in kina so ki ɗiga a farcen bayan kin goge ban hana ki ba, in dai bai sa miki ƙaiƙayi ba, amma ki riƙe shi a matsayin ɗan rakiya, kuma ki ajiye kwalbar nesa da yara domin shan sa yana da haɗari sosai ga jarirai.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ɗaliba ce a BUK, a status nake ganin masu saida tea tree oil suna cewa yana kashe fangas ɗin farce ɗari bisa ɗari, wata kuma tace Vicks kawai take shafawa. Nawa farce ɗaya ne kuma ɗan bakin ne kawai ya yi fari. Gaskiya ne ko talla ce? Daga Z. A., Rijiyar Zaki.

AMSA: Ƙanwata, rabi gaskiya rabi talla. Shi wannan man ba daga ganyen shayi ake yinsa ba, daga wata bishiya ce ta Ostireliya mai suna Melaleuca alternifolia, sinadarin da ke aiki a ciki terpinen-4-ol, kuma a cikin duk mayukan tsirrai shi ne aka fi gwadawa a farcen mutane na gaske. A 1994 an yi gwaji a Amurka da mutum 117, rabi aka basu tsantsar man rabi aka basu clotrimazole, safe da yamma har wata 6. Wajen 6 cikin 10 a kowane ɓangare farcen ya ɗan yi kyau a ido, amma da aka sake shuka ƙwayar kashi 18 cikin 100 ne kawai na masu man aka tarar ta mutu, masu clotrimazole kashi 11. Kinga tsakanin 18 da 100 akwai tafiya. A wani gwajin na 1999 da aka haɗa man da maganin fangas butenafine mutum 8 cikin 10 sun warke, abin da ke nuna ya fi amfani in yana rakiya da in an bar shi shi kaɗai.

Vicks kuma akwai kafur a ciki da mentol da man bishiyar turare da thymol, shi thymol ɗin daga ganyen tayim ɗin nan da muke zubawa a jalof ake samunsa. An gwada shi a 2011 akan mutum 18 kacal na tsawon sati 48, biyar suka warke, wasu suka samu sauƙi. Mutum 18 sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, amma dai ba tatsuniya bace. Akwai ma wani ganye na ƙasar Meziko, Ageratina pichinchensis, da suka mayar da shi ruwan shafa farce suka gwada shi da na asibiti ya yi kusa da shi, wannan shi ne irin aikin da nake fatan in ga an yi wa bagaruwa da lalle a nan, a tace sinadarin a auna a haɗa shi da abin da zai ratsa farce a gwada a jikin mutane, ba a tsaya a faranti ba. Kwinin daga ɓawon itace ya fito, maganin maleriyan da muke sha yau ma daga wani ganye na ƙasar Sin aka ciro shi, saboda haka ba abin da zai hana.

Irin naki da bai kai rabin farce ba kuma bai taɓa tushe ba, shi ne wanda abin shafawa ke iya yi wa aiki. In da hali ki nemi amorolfine, kamar jan farce yake mara kala ana shafawa sau ɗaya a sati bayan an goge, na ƙafa wata 9 zuwa 12. In kin zaɓi man tsiron, ki fara gwada ɗigo a hannunki ki ga ko zai yi miki borin jini, ki sa a farcen kawai banda fatar gefe, kada ki kuskura ki sha, kuma in wata 3 suka wuce zanen da na koya wa Maman Ummi bai nuna ci gaba ba ki tafi asibiti. Ki kula da abin da kike saya ma, kwalba ba suna ba lamba an ɗura a gida, ba ki san ko man gyaɗa ne da turare ba. Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ma galibi shaida ce cewa an duba ba zai cutar ba, ba shaidar cewa yana warkar da duk abin da aka jera a kwalin bace.

TAMBAYA: Hajiya ina wuni. Abinci nake sayarwa, hannuna kullum a ruwa, wanke-wanke da jajjage. Gefen faratana uku sun kumbura suna zafi, in na matsa wani farin ruwa ke fitowa, farcen ya yi gargada ɗaya ma ya yi kore. An ce karkare ne in tsoma a lemon tsami. Ina sa baƙin lalle don ya rufe. Daga Uwar Biyu, Kurna.

AMSA: Lafiya lau Uwar Biyu, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a sana'a. Naki daban yake da na sama. Ruwa da omo da yajin attaruhu ne suka cinye 'yar fatar nan siririya da ke liƙe farce da yatsa ta baya, da ta tafi sai rami ya buɗe, ruwa yana shiga yana kwana, sai yis ɗin nan Candida ya samu wurin zama. Koren kuma wata bakteriya ce, Pseudomonas, mai son danshi. Karkare na gaske zuwa yake farat ɗaya da zogi mai hana barci da mugunya, shi wannan a asibiti ake fasa shi.

Maganinki na farko bushewa ne, kuma na san da wuya ga mai sana'arki. Ki samu safar hannu ta roba mai kauri, ki sa ta auduga a ciki in kin samu, ki raba aikin ruwan da yaran shago ko da na wata 2 ne, kina gamawa ki tsane gefen faratan sosai ki shafa man kaɗanya ko basilin. Kada ki bari mai gyaran farce ya ture ko ya yanke wannan 'yar fatar. Lemon tsami a buɗaɗɗen wuri zafi kawai zai ƙara miki. Ga mai koren akan jiƙa shi minti 10 a ruwan khal da aka sirka sosai, kashi 1 na khal kashi 4 na ruwa, sannan a busar, wannan likitocin fata ma suna bada shi. Amma ki je a gani, akwai man da ake rubutawa na kumburin.

Baƙin lallen nan kuwa ki bar shi. Lallenmu na gargajiya ja yake yi, abin da ke sa wancan ya yi baƙi wuluk cikin minti kaɗan dayis ne, sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, shi ne ke sa wasu amare hannu ya tashi ya yi ƙuraje daidai zanen fulawar, a fatar da ta riga ta tsage kuma abin ya fi muni. Tunda an zo maganar, ko jan lallen ma kada a dinga lafta wa jarirai, akwai yaran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini da ake kira G6PD, kuma suna da yawa a cikinmu musamman maza, lawsone yana iya farfasa musu jini su yi shawara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ne yana da suga shekaru da yawa, duk faratan ƙafarsa sun yi kauri sun lanƙwashe, wani mai magani a kasuwa ya bamu bagaruwa da jar kanwa yace a tafasa ya dinga tsoma ƙafar da zafinsa, sannan mai yankan farce ya kankare masa da aska. Mu fara? Daga Abba, Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam Abba. A'a, kada ku fara, ina roƙonku da girman Allah. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa kuma yana rage gudun jini, Baba zai iya tsoma ƙafa a ruwan da zai sale shi yace muku bai ji komai ba, kanwa kuma tana cin fata, ga aska a kai. Ƙafafuwa da yawa da aka yanke a asibitocinmu daga ɗan ƙaramin ciwo irin wannan suka faro, wanda aka raina aka yi ta sa masa magani a gida har ya yi baƙi. Masu suga sun fi marasa suga kamuwa da fangas ɗin farce, kuma a wajensu ba maganar kwalliya bace, farce mai kauri yana danna naman ƙasa ya yi gyambo ba a sani ba.

Ku kai shi asibitin da yake ganin likitan sugansa, ku ce a duba ƙafar a cire safa a gani, su za su rage faratan da kayan da aka dafa. Ku tafi da duk magungunan da yake sha a leda, domin itraconazole, ɗaya ƙwayar da ake bayarwa, bata jituwa da wasu magungunan kitse da na zuciya, mai ciwon zuciyar da ke kumbura ƙafa ma ba a bashi. Kai kuma ka ɗauki aikin duba masa ƙafa kullum da daddare, ƙasa da sama da tsakanin yatsu, in ka ga ja ko kumburi ko wari ko ruwa, a ranar za ku tafi ba gobe ba. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka maka da alheri.

TAMBAYA: Anti ni mai gadi ne, but nake sawa tun safe har dare. Na sha ƙwaya wata uku farcen ya gyaru, bayan shekara ya dawo. Kuma abin shafawar da aka bani kamar jan farce ne, alwalata fa? Daga Sani, Hotoro.

AMSA: Malam Sani dawowa kam yana yi, ba kai kaɗai bane, kuma sau da yawa tsohon takalmin ne ke maido shi. Ka duba yadda ranarka take, ka yi alwala ka tsettsefe yatsu kamar yadda aka koya mana, ƙafar bata bushe ba ka zura safa ta leda ka mayar cikin but, sau huɗu ko biyar a yini, ga zafin Kano. Laifin ba na alwala bane, na danshin da aka kulle ne. Ka ajiye ɗan tsumma a aljihu na tsane tsakanin yatsu kawai, safa ta auduga kana canzawa kullum kana shanya ta a rana ta bushe ƙayau, in da hali but biyu yau wannan gobe wancan, na jiya a cire shimfiɗar ciki a bar shi a rana. Takalmin gwanjo na Ƙofar Wambai a wanke shi ya sha rana sosai kafin a sa, silifas ɗin banɗakin masallaci da kowa ke zurawa kuma gara ka je da naka. Masu yankan farcen nan da ke zagayawa suna kaɗa almakashi, sana'arsu suke ban ce a guje su ba, amma ka sayi naka kayan ka miƙa musu, domin almakashin da ya taɓa ƙafa ashirin tun safe ba fangas kaɗai yake iya ɗaukowa ba, har da ciwon hanta in an yi jini. Ka duba ƙafar mutanen gidanka ma, in uwargida na da shi kuna ta miƙa wa juna ne. Bayan an warke kuma shafa man fangas a tafin ƙafa da tsakanin yatsu sau ɗaya ko biyu a sati yana rage dawowar. Banda irin man nan mai haɗi uku da ake saya ana bilicin da shi, akwai sitiroyid a ciki, yana kwantar da ƙaiƙayi ƙwayar kuma tana ƙara bazuwa.

Maganar alwala, gaskiya ne amorolfine yana bushewa ya yi 'yar fata a saman farce, ba kamar lalle ba da kala ce kawai ruwa na ratsawa. Hukuncin ba fagena bane, ka ɗauki kwalbar ka kai wa malaminku ka faɗa masa magani ne likita ya rubuta kuma sau ɗaya ake sawa a sati, zai yi maka bayanin abin da shari'a ta tanada ga mai lalura. In zuciyarka bata kwanta ba ka faɗa wa likitan, sai ya duba wata hanyar.

TAMBAYA: Wani baƙin layi ne a babban farcen hannuna daga tushe har baki, baya ciwo, habbatus sauda zata goge shi? Daga Hajiya Balaraba, Gwale.

AMSA: Hajiya wannan da wuya ya zama fangas, kuma ba abin shafawar da zai goge shi. A wajen baƙar fata irin wannan layin ya zama ruwan dare, musamman in shekaru sun ja kuma a farce fiye da ɗaya, ba komai bane. Abin da nake so ki lura da shi: in a farce ɗaya ne tak, sabo ne, yana ƙara faɗi, kalarsa ba ɗaya ba, ko baƙin ya malalo kan fatar gefe, ko farcen ya fara tsagewa yana jini, to akwai wata kansar fata, melanoma, da ke fara fitowa a haka, kuma a jikinmu tafin ƙafa da ƙarƙashin farce ne wuraren da tafi zaɓa. Kada ki rufe shi da lalle, ki ɗauki hotonsa yau, ki kai wa likitan fata a cikin satin nan ya duba.